Cokalin Tukunya ta Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ke nan Inna Mai Cokali tana aiki a kamfanin tumatirin gwangwani, kuma harshenta aka ɗauka aiki, sauran jikin rakiya kawai yake yi. Duk tukunyar da aka dafa sai an ɗebo mata a ɗan kofi, ta ɗiba da cokali, ta juya a baki, ta tofar a bokiti, ta kuskure da ruwan ɗumi, sannan ta sa hannu a takarda ko ta ƙi. In ta ƙi, tukunyar ba ta fita kasuwa. Haka aka gaya mata ranar da ta fara, haka kuma ta riƙe. Saboda harshen nan ta daina cin yaji, ta daina shan shayi da zafinsa, har mijinta, tsohon direban kamfanin, yakan tsokane ta cewa shi ya aure ta, amma bakin na kamfani ne.

Tarihin kamfanin ba sai an tambaya ba, don an zana shi a bangon ɗakin cin abincin ma'aikata, kana tauna kana kallo ko ba ka so. Shekara sittin da suka wuce mai kamfanin na farko, wanda yanzu ake ce wa Marigayi, shi da matarsa suka fara da tukunya ɗaya a bayan gida. Ita ke dafawa, shi ke liƙe murfin gwangwani, ya ɗaura kwalaye a bayan keke ya bi shaguna yana roƙon a gwada. Keke ya zama babur, babur ya zama motar kaya, bayan gida ya zama rumfar kwano, rumfar ta zama masana'anta. Yau masana'anta uku gare su, da ma'aikata sama da ɗari tara, suna yin na gwangwani da na leda, har ƙasashen maƙwabta ake kaiwa. A jikin kowane gwangwani akwai hoton matar Marigayi tun tana da ƙuruciyarta, tana murmushi da ludayi a hannu, shi ya sa kowa ke ce mata Uwar Gwangwani.

Marigayi ya bar wata ɗabi'a da ake kira cokalin safe. Kowace safiya, kafin motar farko ta fita, mai kamfani zai tsaya gaban ma'aikata, a miƙo masa cokali ɗaya daga tukunyar ranar, ya sa a baki ya haɗiye. Mai ɗanɗano tana tofarwa, mai gida kuwa dole ya haɗiye, don Marigayi ya ce abin da ba zai wuce maƙogwaronsa ba ba zai sayar wa ɗan wani ba. Ɗansa ya ci gaba da yi har ya rasu. Da kamfani ya dawo hannun jikan, wanda ma'aikata ke ce wa Ƙaramin Maigida, shi ma bai bari ba, sai dai ya yi wa abin kwaskwarima. Ya ce yana da gyambon ciki, tsamin babbar tukunya yana tayar masa. Don haka kullum da sassafe Inna za ta wanke nunannun tumatir goma sha biyu, ta dafa su a 'yar tukunya a ɗakin gwaji, ta zuba a kwanon azurfa, shi ne za a fito da shi gaban ma'aikata kamar daga babbar tukunya aka ɗebo. Ya haɗiye, ya lumshe ido, a tafa masa. Shekara shida tana dafa wannan ƙaryar da hannunta, kuma kunyar abin ba ta taɓa barinta ba.

Amma ba wannan ne ya hana ta barci ba. Tukunya ta bakwai ce.

Manyan tukwanen ƙarfe shida ne a babban zaure, inda ake zagayawa da baƙi su ga tsafta. Ta bakwai tana can bayan katanga, a tsohon sito, kuma bara aka kafa ta. Nan ake tara kayan da shaguna suka dawo da su: gwangwanayen da suka kumbura, waɗanda tsatsa ta ci, waɗanda kwanan watansu ya wuce tun ba yau ba. A da rami ake haƙa musu. Yanzu mata biyar aka zaunar da takunkumi a hanci, suna huda su ɗaya bayan ɗaya. Gwangwani yakan yi tsaki in an huda shi, ya feso wani ruwa mai kumfa, ɗoyin ya cika ɗakin har ido ya yi yaji. Sai a kankare baƙin da ke sama da fumfunar, a juye sauran a duro. Kwalin da ya fashe a hanya kuwa da tsutsarsa yake zuwa, sai a kaɗe. In duro ya cika a juye a tukunyar, a zuba sitaci don kauri, a zuba jan kala, a ƙara suga da gishiri don su danne tsamin, a tafasa. A takarda sunan wannan ƙazantar "haɗin gyara".

Ranar da aka fara kawo wa Inna kofi daga ciki, tun bai kai bakinta ba warin ya buge ta. Ta yi ta maza ta ɗanɗana, don aikinta ne. Ƙarƙashin sugan akwai ɗacin ƙarfe, ƙarƙashin ɗacin akwai wani abu mai kama da warin tsumman da aka manta a jiƙe. Ta tofar, ta kuskure baki sau uku, ta ture takardar.

Shugaban sashen dafawa, wanda ake ce wa Mai Usur saboda usur ɗin da ba ya rabuwa da wuyansa, ya ce, "Inna, ki sa hannu mana. Wuta ai tana kashe komai."

"Ba ta kashe wannan ba. Ungo, ɗanɗana ka ji."

"Ni ɗanɗano ba aikina ba ne, naki ne."

"To na yi aikina. A zubar."

Ya ɗauki takardarsa ya fita ko a jikinsa. Sau tara suna yin haka a cikin shekarar, kuma duk lokacin da ta tambayi inda aka kai tukunyar, sai ya ce an bai wa masu kiwo.

Sai ga bikin cika shekara sittin ya matso. Aka fente katanga, aka ɗinka wa ma'aikata sababbin riguna, aka buga sabuwar takardar gwangwani mai ruwan zinare. Ƙaramin Maigida ya sanar da cewa kamfani zai yi kyauta wa makarantun kwana arba'in da biyu, kowace makaranta mota guda ta tumatir, don tunawa da kakansa mai son yara. Inna ta ji daɗin maganar har zuwa ranar da ta leƙa tsohon sito ta tarar an ƙara mata goma a kan biyar ɗin, tukunya ta bakwai tana tafasa ba dare ba rana, ana cika gwangwanaye masu ruwan zinare daga bututunta. Wato abin da ya kamata a binne shi ne za a yi alheri da shi, a kuma ɗauki hoto.

An manna jerin makarantun a allon sanarwa. Ta bi da yatsa, a lamba ta goma sha bakwai ta tsaya. Makarantar jikarta ce, 'yar 'yarta mai shekara goma sha biyu, wadda a gida suke ce wa Malama saboda yadda take gyara wa manya magana. Yarinyar da ko madarar da ta kwana ta sha sai ta yi kwana biyu tana amai.

Da yamma, suna zaune a ƙofar ɗaki, ta zayyane wa mijinta komai.

Ya ce, "Ki kai ƙara wajen masu duba tsafta."

"Wanda ke zuwa duk wata? Kai da kanka ka sha sa masa katan ɗin tumatir a bayan mota."

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To ki kira makarantar."

"In ce musu me? Wata tsohuwa ta ce kyautar da babban kamfani ya aiko ruɓaɓɓiya ce? Kuma sauran makarantun fa, 'ya'yansu ba 'ya'ya ba ne? Motocin ne bai kamata su fita ba, Baban yara. Daga ƙofa za a tare abin."

"Wa zai tare? Ke?"

"Uwar Gwangwani."

Ba a banza ta ambace ta ba. A shekararta ta biyu a wurin, Inna ta ga wannan matar da idonta ta shigo zaure, ta shinshina iska, ta ce an ƙona ƙasan tukunya. Ta sa aka juye tukwane huɗu a kwata, manaja yana roƙo kamar zai yi kuka, ita ko kallo bai ishe ta ba. Kwana uku kwatar unguwar tana ja. Tun daga ranar Inna take ganin girmanta fiye da na kowa, kuma duk lalacewar da ta gani daga baya takan ce a ranta, don dai tsohuwar ba ta sani ba ne.

Ta je gidanta sau biyu, mai gadi ya ce Mama ba ta ganin kowa, likita ya hana. Ana saura kwana uku biki sai Mai Usur ya shigo ɗakin gwaji bakinsa har kunne.

"Inna, ranar biki Mama ce da kanta za ta sha cokalin safe, gaban kyamara. Sai ta haɗiye sannan motoci su tashi. Ki zaɓo tumatir masu kyau, ki dafa 'yar tukunyar nan yadda kika saba. Ke za ki miƙa mata."

"Ni zan miƙa?"

"Ke mana. Wa ya fi ki daɗewa?"

Ta ce to. Tun kafin ya rufe ƙofa ta riga ta san abin da za ta yi.

Ranar biki ta zo da wuri, ta wanke tumatir goma sha biyu, ta dafa su tsaf don kada wani ya leƙo ya ga murhu a kashe. Da suka nuna ta rufe ta tura ƙarƙashin tebur. Ta ɗauki kwanon azurfa ta ɓoye a cikin rigar aiki, ta zagaya ta bayan katanga, ta cika shi daga tukunya ta bakwai. A ido ba shi da laifi ko kaɗan, ja wur, mai sheƙi, ya ma fi na gaskiyar kyau. Mace mai shekara tamanin da huɗu za ta ɗura wa wannan abin a baki, macen da ta yi mata barka da kanta lokacin da ta haifi 'yarta. Abin ya dame ta ƙwarai. Amma ta ce wa kanta cokali ɗaya ne, kuma tsohuwar ba za ta haɗiye ba, za ta tofar a gaban kowa, ta ɗaga sandarta, a sauke kayan.

An kafa rumfa a filin kamfani, an jera kujeru, manyan baƙi a gaba suna fifita da takardar tsarin biki. Motoci biyu na tsaye a bakin ƙofa an yi musu ado da kyalle da furanni. Ƙaramin Maigida ya hau mumbari ya yi jawabi mai tsawo a kan keken kakansa, wanda aka goge aka ɗora a kan tebur a gefensa. Ya yi maganar amana, ya yi maganar gaskiya, ya ce kamfanin nan uwa ce ga kowane gida. Da ya zo kan yaran makaranta har muryarsa ta karye, ya ciro hankici ya taɓa gefen ido. Inna tana tsaye da kwano a hannu, ƙyamarsa ta cika ta har ta kau da kai ta koma kallon ƙasa.

Aka turo Uwar Gwangwani a keken marasa lafiya. Ta tsufa, ta ƙanƙance, ba abin da ya rage na matar jikin gwangwani sai idanun. Mai Usur ya busa, wuri ya yi tsit. Inna ta matso, ta durƙusa, ta gaishe ta.

"Mama, barka da wannan rana."

"Ke ce har yanzu? Sannu, 'yata."

Inna ta buɗe kwanon, ta cika cokali. Tun kafin ya kai rabin hanya ta ga hancin tsohuwar ya motsa. Ta ji. Wallahi ta ji. Idanunsu suka haɗu, Inna ba ta sauke nata ba. Tsohuwar ta buɗe baki ta karɓa, ta rufe, ta riƙe shi a kan harshe. Fuskarta ta ɗan yamutse. Mai kyamara ya matso har yana taka zanen Inna.

Sai tsohuwar ta yi ɗan tari, irin na tsofaffi, ta kai farin hankicinta baki kamar mai goge leɓe, ta naɗe shi a tafin hannu. Wanda ke nesa zai rantse ta haɗiye. Jikanta ya sunkuyo ya kara mata abin magana.

Ta ce, da murya a sarari, "Bai canja ba. Kamar ranar da muka fara, ni da mai gidana."

Wuri ya kaure da tafi. Aka saki kiɗa, aka yanka kyalle, motocin nan biyu suka fita suna hon. Inna tana durƙushe inda take. Tsohuwar ta jawo ta da hannu ɗaya kamar za ta sa mata albarka, har wasu baƙi suka ce Allah sarki, ta kawo bakinta daidai kunnenta.

"Kada ki ƙara yi min haka a gaban mutane."

"Mama, wannan za a kai wa yara. Jikata tana cikinsu. Kalma ɗaya za ki faɗa a dawo da motocin."

"Tun daga ƙofa na ji warin, kin ɗauka hancina ya mutu? Na san da tukunyar nan kafin a kafa ta. Mutum ɗari tara ke ci a gidan nan, 'yata, kuma sunana ne a jikin abin. Ki ce wa jikarki ta daina cin miya." Ta danna mata hankicin a hannu. "Ungo, jefar min da wannan."

Aka juya keken, aka tura ta wajen manyan baƙi, tana ɗaga musu hannu tana murmushin nan na jikin gwangwani.

Hankicin da ɗumi, da danshi, jan ya riga ya ratso zuwa tafin Inna. Shekara talatin da ɗaya tana tofar da abu a bokiti, bakinta ya san kowane irin ruɓa, amma ba ta taɓa jin ƙyamar da ta ji a wannan lokacin ba. Ba tumatirin ba ne. Matar ce, da ita kanta Innar, da duk safiyar da ta wanke tumatir goma sha biyu tana gaya wa kanta cewa akwai wani a sama da bai sani ba.

Ta koma ɗakin gwaji. Ba ta daɗe ba Mai Usur ya shigo da fayil, yana share gumi, cike da farin ciki. Bai san abin da aka yi ba, shi dai ya ga biki ya yi kyau.

"Kin ga Mama kuwa? Hannunki akwai albarka, Inna. Ga takardar kayan makarantu, sa hannu a nan in kai ofis."

"Ba zan sa ba. A kira direbobin nan biyu su juyo, sauran motocin kuma kada wadda ta fita."

Ya dube ta, ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa wanda aka daɗe ana tausaya wa.

"Waɗannan biyun ai ba komai a cikinsu, na hoto ne, za su zaga su dawo. Kayan tun asuba suka tafi, duka arba'in da biyun. Na kusa ma sun sauke."

"Ba da sa hannuna ba?"

"Haba Inna. Sa hannunki na cika fayil ne, saboda masu duba takardu. Tun zamanin baban Ƙaramin Maigida mota ke fita kafin takardarki ta iso ofis. In kin ƙi, akwai wanda ke sa miki."

"Tukwane taran nan da na ce a zubar fa?"

Ya kalli bango, ya taɓa usur ɗinsa, ya ce, "Ai kin san babu masu kiwon da za su karɓa."

Ta karɓi fayil ɗin, ta buɗe, ta shimfiɗa hankicin daidai inda ake sa hannu, ta rufe, ta danna da tafinta har jan ya fito ta gefe. Ta miƙa masa.

"Wannan na Mama ne. Ka kai ofis."

Ta cire hular aiki da rigar ta ajiye a kan tebur, ta wanke hannu da sabulu sau biyu, ta ɗauki jakarta. A filin ana ta rabon abinci, kiɗa na tashi, ba wanda ya lura da fitarta. A bakin titi ta kira mijinta ta ce kada ya jira ta, ta tafi makarantar su Malama, in Allah ya so za ta isa kafin a ɗora tukunyar yamma. Ya tambaye ta sauran makarantun fa. Wayar na kunnenta ta ɗaga wa motar haya hannu. Tafiyar awa uku ce zuwa lamba ta goma sha bakwai, kuma ita ƙafa biyu gare ta.